Gurbin Gawo a Fagen Malam Shitu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga watan Nuwamba, 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Shitu Maiturare, tsohon malamin dabbobi, a gidansa da ke Rogo Sabon Gari, bayan jinyar da ta cinye damina guda. An yi masa sutura bayan azahar. Ina zaune a tsakar gida a Yammedi ina ɓarar gyaɗa wayar 'yarsa Sauda ta shigo. Ban ji ƙarshen maganarta ba, kuka ya ci ƙarfinmu mu duka biyun.

Shitu, mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce. Kai ɗan mace, ni 'yar namiji, wato taubasai muke. Tun muna yara nake kiran ka bawana, kai kuma ka duƙa da gangan ka ce, "Ranki ya daɗe, uwar ɗakina." Furfura ta cika kanmu ba mu daina ba. Yau na zauna in rubuta ta'aziyyarka, na ce wa kaina ban da tsokana, amma ban yi rantsuwa a kai ba.

Mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma sun fi ni sanin wani ɓangaren. Makiyayan Karaye da Rogo za su faɗi yadda kake ratsa taɓo a kan tsohon babur ɗinka don saniya ɗaya da haihuwa ta zo wa da gardama. Manoma za su faɗi shanun huɗar da ka ceto musu ana tsakiyar aiki. Ni abin da zan faɗa ƙarami ne a ido: shanun laka, da bishiyoyin da tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Da su ka yi min abin da na kasa yi wa kaina.

Da ka ajiye aiki kowa ya zaci za ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ka huta. Ina! Sai ka koma wasan laka irin na 'ya'yan Fulanin da ka daɗe kana gani a rugage. Ka samo katako mai faɗi, ka shafe shi da ƙaro, ka barbaɗa ƙasa, ka jera dabbobin yumɓu a kai. Kowane katako kana kiran sa fage. Fararen shanu ka shafa musu farar ƙasa, jajayen ka yi musu dogayen ƙahonni da ƙayar aduwa. Ba ka taɓa yi wa dabbobinka ido ba, ka ce ido na Mai halitta ne. Mutum kuwa ko sau ɗaya ba ka ƙera ba. In kana son a san akwai makiyayi a wurin, sai ka jingina 'yar sanda da gora a jikin bishiya. Ranar da na fara gani na yi dariya har da hawaye, na ce, "Bawana, tsufa ya mai da kai ɗan yaye." Ka ce, "Uwar ɗakina, ki dawo in an dasa bishiyoyi."

Na dawo, kuma na haɗiye dariyata. A nan na gane cewa dabbobin ba su ne aikin ba. Kana iya ƙera garke guda kafin la'asar, amma zaɓen bishiyar da za ta tsaya a kansu sai ya cinye maka makonni. Kuka kana yin ta da busasshiyar saiwar rogo, ka kifa ta kai ƙasa, jijiyoyin su zama rassa. Tsamiya kana tsaga soson wanka ka rina shi kore mai duhu. Ɗorawa kana ɗaura mata jan zare ya yi reto kamar furenta. Sai ka yi ta yawo a bayan gari kana tsintar tsinke da saiwa, aljihun rigarka cike da tarkace, matarka Ummu Hani tana faɗa wajen wanki.

Ka'idarka ɗaya ce, kuma ba ka sassauta ta ga kowa: kowace dabba da bishiyarta. Akuya ka tsayar da ita kan ƙafafun baya tana miƙa wuya cikin magarya. Tumaki su cusa kawunansu wuri ɗaya a gindin tsamiya. Jaki a ɗaure shi a darbejiyar bakin gida. Kuma dole tsawon bishiya ya dace da girman dabba. Na taɓa ganin ka cire wata kyakkyawar kanya daga fage don kawai ƙahon bijimi ya kai reshenta na sama. Ka ce wannan ba kanya ba ce, kayan miya ne.

Ina nan ranar da Sauda ta dawo daga birni da tsaraba, leda cike da bishiyoyin roba da ta gani a wani shago. Kyawawa ne, ba ƙarya. Wasu masu tsini a sama, an watsa musu fari kamar garin rogo. Ka karɓa da hannu biyu, ka sa mata albarka har ta ji kunya. Sannan ka dasa ɗaya a fage, ka kwantar da saniya a gindinta, ka daɗe kana kallo. Ka ce, "Sauda, 'yar albarka, duba min. Wannan saniyar kamar tana tambayar hanyar gida." Ita ma ta fashe da dariya. Ka raba wa jikoki sauran, ka ɗauki wata mai dogon jiki, ka aske mata kai, ka saka mata gashin kaba, ta koma giginya. Har yau tana tsaye a fagen mashaya, kuma Sauda na nuna ta ga duk wanda ya shigo.

Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da kai, ko da yake ban taɓa faɗa maka a fuska ba, don kada bawa ya yi girman kai. Malaman firamare suna aron fagagenka su koyar da yara. Ranar da aka baje su a taron manoma da makiyaya a Karaye, ina tsaye a gefe wani dattijon Bafulatani ya durƙusa gaban ɗaya, ya nuna wata kuka da ta karkata gabas, ya ce wannan ai mashayar wajen Kurugu ce, a nan ya yi kiwo yana saurayi. Babu rubutu a jikin katakon, babu wanda ya gaya masa. Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa a tsakiyar maza. Na juya na ce wa matar da ke kusa da ni, "Ɗan uwana ne ya yi."

Yanzu bari in zo kan gawo.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san halin gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, ya bar wa shuka rana. Da rani, in kowa ya bushe, sai ya yi ganye ya ba da inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Akwai wani babba a tsakiyar gonar maigidana, marigayi Sabi'u. Kowace shekara in an kwashe dawa, amininsa Jibo, wani Bafulatani makiyayi, yakan kawo garkensa su ci kara, su kwanta a gindin gawon, su bar mana taki. Sabi'u ya rataye malfarsa a reshen ƙasa, su zauna shi da Jibo da ƙwaryar fura, Hausa ta ƙare su koma Fillanci. A haka aka haifi 'ya'yanmu, a haka suka girma.

Bayan rasuwar Sabi'u gonar ta faɗa rabon autana Kabir. Yaron kirki ne, manomi ne na gaske, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Mai tarakta ya ce masa saiwoyin gawon na hana shi juyawa. Bara kuma wasu baƙin shanu, waɗanda ba na Jibo ba, sun biyo inuwar tun ba a yi girbi ba, suka yi ɓarna, saura kaɗan a zubar da jini. Kabir ya ce shi ya gaji da zaman fargaba. Ya yi magana da masu injin yankan itace: da zarar an kwashe dawar bana, a kayar da gawon. Na san in ya faɗi, Jibo ba zai ƙara kawo shanu ba, zumuncin da ya girmi Kabir zai bi shi ƙasa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushi na ƙi cin tuwon gidansa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, na riga na ba mutane magana."

Na zo Rogo duba ka, na same ka a jingine da matashi, ka rame. Ban yi niyyar ɗora maka damuwata ba, amma ka san bakina. Ka saurara har na gama. Na zaci za ka ce a kira maka shi ka yi masa faɗa irin na kawu. Sai ka ce, "Gonarsa ce, uwar ɗakina. Ki daina yi masa faɗa. Ki aiko min da ƙasar wurin cikin ƙwarya." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ana maganar bishiya ta gaske kana maganar wasan laka? Kai dai bawa ba ya girma." Ka yi murmushi kawai. Na aiko da ƙasar, don ba a musu da marar lafiya.

Ummu Hani ta gaya min daga baya cewa a zaune kake aikin, katakon a kan cinyarka. In laka ta suɓuce ta ɗauko maka. Ta roƙe ka ka huta, ka ce dawa ta kusa nuna.

Da aka share makoki, muna shirin komawa Yammedi, Ummu Hani ta aika a kira Kabir daga zaure. Ta yaye zanen da ta rufe wani fage da shi, ta ce, "Kawunka ya bar maka aiki, bai ƙarasa ba." Gonarmu ce. Jar ƙasarta, kunyoyinta, tushiyoyin kara bayan girbi, har tsohuwar rijiyar da ke kusurwar yamma. Ga fararen shanun Jibo a kwance sun yi da'ira. A tsakiyarsu babu komai sai ɗan rami. Shanu kwance cikin tsakar rana, sun kewaye wofi. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tausayi irin wannan ba.

Ta miƙo masa ɗan kwando da bishiyoyi biyu a ciki, duka gawo, da farin reshe da 'yan ƙayoyinsu. Ɗaya tsirara, ɗaya lulluɓe da ganye. Ta ce, "Ya ce ka dasa wadda ta dace. In kuma ka ga babu wadda ta dace, ga laka nan, ka toshe ramin. Ya ce ko wanne ka yi, ya yafe maka."

Baƙo da ya ga busasshiyar ƙasa zai ɗauki marar ganyen, ya ce ai rani ne. Kabir ko tsayawa tunani bai yi ba, hannunsa ya tafi kan mai ganye, don a gindin gawon nan ya koyi tafiya. Ya ɗago ta zai dasa, sai wani abu ya yi reto a reshen ƙasa. 'Yar malfa ce da ka saƙa da zaren kaba, ba ta fi farcen babban yatsa ba, har da jan ɗinki irin wanda ke bakin malfar Sabi'u.

Ya dasa ta a ramin. Rassan suka rufe garken gaba ɗaya, ko maraƙi ɗaya bai rage a rana ba. Ashe ka auna. Kabir ya durƙusa gaban fagen yana kallon malfar. Da ƙyar ya ce, "Inna, malfar Baba ce." Na ce, "Ita ce." Ya goge fuska da hannun riga ya fita.

Jibo yana zaure cikin masu gaisuwa, ya taso tun daga rugarsu. Ina jiyo su ta bayan katanga. Kabir ya gaishe shi, ya tambayi iyali da dabbobi, sannan ya ce, "Baffa Jibo, da mun kwashe dawa a kawo shanu. Wurinsu yana nan." Washegari Kabir ya je da ƙafarsa ya ba masu inji haƙuri.

Shitu, ba ka ɗaga murya ba, ba ka kunyata min ɗa ba. Ka ba shi zaɓi, ka yarda cewa ɗan gida ne. Wannan shi ne halinka tun kana yawo tsakanin gona da ruga, kowa na ganin nasa ne kai. Ina alfahari da cewa jinina ne ya yi wannan, kuma yau na faɗa a rubuce kowa ya karanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummu Hani, wadda ta yi jinya da haƙurin da Allah kaɗai zai biya, da Sauda da ƙannenta da jikoki, da dangi na Rogo da Karaye, da makiyaya da manoman da suka cika ƙofar gidanka har titi ya toshe. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya albarkaci abin da ya bari. Allah Ya jiƙan Malam Shitu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Jiya na je gonar. An fara yankan dawa, gawon kuma ya fara fitar da sabon ganye. Na tsaya a gindinsa na yi maka addu'a. Bawana, ka gama aikin uwar ɗakinka, na 'yanta ka. Allah Ya sanya ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa.

Barira Muhammad,
Yammedi, Karaye.