'Yar Motar Isuhu a Mashigin Fammar

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Isuhu makwancinsa a Rano. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ban yi boko ba, kuma dogon zance ba halina ba ne. Da baki nake faɗa ana rubutawa, na kuma ce kada a yi wa maganata kwalliya.

Masu shekaru a Rano za su tuna shi da abu guda: gurgun nan mai gyaran rediyo a hanyar tasha, wanda yake wasa da motar yara. Haka ake kwatanta shi yana raye, haka ake yi har yau. Ni ma na bari ana yi.

Ba da gurguntaka aka haife shi ba. Ni direban babbar mota ne, shi ne mai yi mini lodi da ɗaurin igiya, yana koyon tuƙi a hannuna. Hatsi muke kwasowa daga ƙauyukan Kibiya mu kai Kano. Daminar da ta biyo bayan komawar mulki hannun farar hula, muka ɗauko dawa daga Fammar. A hanyar akwai wani mashigin rafi, ka gangara sannan ka hau, ruwa ya zaizaye gefen hagu. Na sha wuce shi. Ran nan muna tsakiyar hawa motar ta karkata ta kwanta. Ni na fito ta taga da tsaga a goshi. Isuhu yana saman kaya. Buhuna suka danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa, bai sake takawa ba.

Jama'a suka ce ƙaddara ce, kuma ita ce. Direbobi a tasha suka ce lodin ne ya yi tsawo. Ni na yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da safiyar ran nan a Kibiya na leƙa ƙarƙashin mota, na ga falle biyu na sifirin ɗin baya na hagu, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin kaya, sun tsage. Na samu roba da waya na ɗaure, na ce in mun sauke a Kano sai in canza. Isuhu yana wajen mai shayi, bai gani ba, ban kuma gaya masa ba. Kafin a ɗaga motar daga rafin na shiga na kwance ɗaurin na jefa a ruwa. Duk wanda ya ga sifirin a karye sai ya ce faɗuwar ce ta karya shi. Wannan maganar ce nake ɗauke da ita, kuma saboda ita na nemi a rubuta wannan.

Da ya tashi daga jinya sai ya koyi gyaran rediyo. Allah ya ba shi hannu. Muka kafa masa rumfa, aka samo masa keken guragu. Wajen lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, wani Alhaji mai fataucin albasa ya kawo masa motar wasa irin mai rimot, ta gwanjo, wadda ya sayo wa 'ya'yansa a Kano suka kashe ta cikin kwana biyu. Ya ce in ta gyaru ta Isuhu ce. Ta gyaru kafin la'asar. Amma ba ta da ƙarfi. Ɓawon gyaɗa ma sai ya tsayar da ita, in ta shiga yashi tayoyin su yi ta juyi a wuri ɗaya.

A lokacin kowa yana taka-tsantsan, ana wa'azi a kowane lungu. Cikin motar akwai ɗan mutum na roba riƙe da sitiyari. Wani dattijo da suke sallah tare ya ce masa mota ba laifi, amma mutum-mutumin nan ya fita. Isuhu ya sa filaya ya zare shi ba gardama. Ya ce, "Dama ya tare mini kujera, Malam."

Daga nan bai bar ta ta huta ba. Ya cire injinta ya sa na tsohuwar rikoda. Ta samu gudu ta rasa ƙarfi, sai ya kwanto ƙananan giya daga mataccen bidiyo ya rage mata gudun har ta iya jan takalmin mutum. Batir ya ciro daga fitila mai caji, ya kwantar da shi can ƙasa tsakanin tayoyi, ya ce nauyi in yana ƙasa aboki ne. Tayoyin ya naɗe su da robar tayar babur, ya zauna da reza yana yanka musu haƙora ɗaya bayan ɗaya. Eriyar rediyo ya ɗaura wa rimot ɗin don ta ji kira daga nesa. Sifirin ne ya fi ba shi wahala. Na biro ya yi laushi, na lema ya yi tauri. Ya yi wata uku yana naɗa waya a jikin ƙusa yana gwadawa. A ƙarshe ya haɗa da sirinji huɗu ya zuba musu man juye, ta daina tsalle, in ta taka dutse sai ta rusuna ta miƙe kamar ta gaske.

Yana da ƙa'ida ɗaya. Ba ya canza abu biyu a rana guda. Ya canza ɗaya, ya gwada, ya ja layi da gawayi a bangon rumfa. Yakan ce in ka taɓa biyu ta gyaru, ba ka san wanda za ka gode wa ba, in ta lalace ba ka san wanda za ka zaga ba.

'Yan tasha ba su raga masa ba. Akwai wani ɗan kamasho, Ɗan'azumi, mai ƙaton ciki, kullum in ya gifta sai ya ɗaga murya: "Direba, ina muka nufa yau, Legas ko bayan ɗaki?" Isuhu ya ce, "Saura mutum ɗaya mu tashi, amma kai sai dai a yi maka sawu biyu." A yi dariya. Ni ba na dariya. Na taɓa ce masa, "Kai ba ka jin kunya, da gemunka?" Ya ce, "Yaya, kai ka ce bayan damina za ka ba ni sitiyari. To, na ba wa kaina."

Abin da ya tsorata ni ya zo daga baya. Ya cire bodin robar ya ƙera mata na katako mai tsaga-tsaga, irin na motarmu. Ya shafa mata koren fenti irin namu. Matarsa Rakiya ta ɗinka masa ƙananan buhuna kamar layu, ya cika su da yashi. Ya riƙa jera su yana ɗaurewa da zare, ɗaurin da yake yi a babbar mota, ƙulli iri ɗaya. Sai na gane ba wasa yake ba. Neman abin da ya kayar da mu yake yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na rage zama a rumfarsa. In na kawo cefane sai in aika ciki in wuce.

Yau in na zauna a tasha ina ganin yara da irin motocin nan, ana sayarwa a faranti kamar goro, su lalace a jefar a bola ba mai buɗewa. Na ga wani abu mai tashi sama yana ɗaukar hoto a wajen taron siyasa, shi ma da rimot ake juya shi. Na san da Isuhu yana nan ba kallon sama zai yi ba, roƙo zai yi a sauko da shi ya ga cikinsa. Batir ɗin yanzu bai fi akwatin ashana ba, ya fi nasa ƙarfi ninki. Da ya samu irinsa ban san inda motar nan za ta hau ba. Amma ina jin zai yi baƙin ciki da yadda aka daina gyara. Masu rediyo sun ƙare, rumfarsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Mashigin ma an yi masa kwalbati, bayan an ci zaɓe uku da alkawarinsa. Direbobin yanzu suna wucewa a guje, ba su san an taɓa riƙe numfashi a wurin ba.

Shekara biyu yana roƙona in kai shi mashigin. Ina cewa mota ba lafiya, ina cewa hanya ta ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata ranar ƙarshen damina ya ce mini a gaban mutane, "Yaya, in ba za ka kai ni ba ka faɗa, in nemi ɗan acaɓa ya ɗaure ni a baya." Na ari a-kori-kura na sa shi a gaba, motarsa a cinya.

Keke ba ya sauka wurin. Na goya shi har bakin ruwa na zaunar da shi a kan dutse. Ya duba gangaren ya zaɓi wata 'yar hanyar awaki mai karkata hagu kamar ta manyan motoci, ya sa na share masa ita da ƙafa. Ya jera buhuna layi uku ya ɗaure. Ya danna. Motar ta gangara, ta taɓa laka, ta rage gudu, ta kama hawa tana kuka, tayoyin suna cizon ƙasa. Ta haye. Wasu Fulani da suka kawo shanu shan ruwa suka tsaya suna salati. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun kafin haɗarin.

Na ɗauko masa ita. Ya ƙara layi biyu a sama. Ya danna. A tsakiyar hawa ta karkata hagu ta kife, buhunan suka watse. Ya sa na maido ta, ya sake. Ta kife. Sau uku.

Ya ajiye rimot ya ce, "Ka gani, Yaya? Lodina ne. Ni na ƙara layi biyu ran nan don kada mu bar kaya. Tuƙinka ba shi da laifi. Ka daina gudun rumfata, ka koma cin abinci kamar mutum."

Na dubi motar tana kwance, tayoyinta a sama, sifirin huɗu lafiyayyu da ya yi wata uku yana naɗawa. Na san lodi mai wannan tsawon mun sha haye wurin da shi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Rana ta yi, mu tafi." Na durƙusa ya hau bayana. Kunnensa yana dab da bakina har muka kai mota.

Na koma zama a rumfarsa, na koma cin abinci, kamar yadda ya ce. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na yi jinyarsa kwana goma sha ɗaya. Na juya shi, na yi masa alwala, na ba shi kunu a baki. Duk abin da hannu zai yi na yi. Ya ce in yafe masa, na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Ya ce, "Me ka yi mini?" Na ce, "Zaman tare." Ya cika da hantsi.

Kafin in sa a rubuta wannan na ga bai dace Rakiya ta ji a bakin masu karanta jarida ba. Tana Yalwa yanzu wajen babban ɗansu. Matar ƙane ce, tsakaninmu sai gaisuwa daga nesa, ko sunana ba ta faɗa. Na zauna a zaure, ta durƙusa daga bayan ƙyaure. Na faɗa mata duka, da robar, da wayar, da jefawa a ruwa.

Sannan ta ce, "Yaya, saura kwana biyu ku tafi rafin nan, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ga ya cire mata sifirin ɗaya na baya. Ya sa mata kaya kaɗan ya hau da ita tudun bakin rijiya, ta kife. Ya sake, ta kife. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya mayar ya ɗaure, ya ce in ba shi ruwa."

Na ce, "Na wane gefe ya cire?"

Ta ce, "Wallahi ban kula ba."

Ke nan ya san sifirin ma yana kayar da mota. Ya gwada ya gani da idonsa. Ya kai ni bakin rafi ya nuna mini lodi kaɗai. Ko ya san na ɗaure na ɓoye, ko zato ya yi ya ƙi bin zaton, wannan ya tafi da shi. Mutumin da ba ya taɓa abu biyu a rana guda ya samu dalili biyu, ya ɗauki wanda ya faɗa kansa ya bar mini hanya in wuce.

Motar ba ta nan. 'Ya'yansa sun yi wasa da ita har ta tarwatse, kuma haka zai so. Layukan gawayin an shafe su da fenti. Abin da ya rage nasa a Rano shi ne sunan da aka laƙaba masa da kuma maganar tasha, don har yau in za a tsorata sabon mai lodi sai a ce, ka tuna lodin Isuhu. Shekara ashirin da wani abu ina jin wannan ina shan shayina.

To, ga shi a rubuce. Lodin Isuhu daidai yake, ɗaurinsa bai taɓa kwancewa ba. Sifirin ne ya karye, na gani tun safe, na ɗaure da roba na ɗora ƙanena a sama. Wanda ya karanta ya kai wa waɗanda ba sa karatu, ya fara da tasha. Ina nan a bencina na kullum, mai son ya tambaye ni ya zo.

Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya ba shi ƙafafun da suka fi waɗanda na karɓe masa.