Makarar da Na Bi Har Jos

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake fitar da matafiyi kuma yake mayar da shi ga iyalinsa.

A shekarar da aka canja takardun kuɗi, mutane suna wuni a ƙofar banki su dawo hannu wofi, a shekarar na yi wannan tafiya. Ni ba matafiyi ba ne. Sana'ata ta zama ce, ina kwafar littattafai da ajami a zaurena da ke Gwammaja. Abin da ya tashe ni makara ce.

Gwammaja

Na fito tun ba a kira assalatu ba, da jakata da buta da bargon da uwargidana ta tilasta mini ɗauka. Kafin in hau mota, bari in faɗi dalili.

Watanni kaɗan kafin nan, ina zaune da hantsi sai na ji kalmar shahada tana tahowa daga lungu. Na leƙa, na ga makara a lulluɓe, samari huɗu kacal ke ɗauke da ita. Raina ya ɓaci. Mutum huɗu, a cikin birnin Kano. Na ajiye alƙalami na zura takalmi. Ba ni kaɗai ba: tela ya bar kekensa, Isa mai shayi ya bar tukunya a wuta, masu faci suka watsar da taya. Kowa ya san halinmu, ba a tambayar gawar wane ne, kafaɗa ake sawa a nemi lada. Muka karɓe ta daga hannun samarin. Suka biyo mu a guje suna cewa a tsaya, a tsaya, mutane kuwa suka rirriƙe su ana ba su haƙuri, a zaton zafin rashi ne.

Da na sa kafaɗata na ji babu nauyi. Sai na ɗaga murya na ce, "Wannan bawan Allah mutumin kirki ne. Ku ji yadda makararsa take sauri." Jama'a suka amsa da addu'a.

Sai a maƙabartar Ƙofar Mazugal masu haƙar kabari suka ce ba wanda ya sanar da su, ba su haƙa wa kowa ba. Aka yaye lulluɓi. Filo uku ne da tabarma a naɗe.

Jama'a suka shiga kallon juna. Can sai ga Habibu yana haki, da kyamara rataye a wuya. Habibu ɗan aminina ne, marigayi Alhaji Buba dillalin shanu, kuma yana karatun haɗa fim a wata makaranta a Jos. Ashe aikin kammala karatunsa yake ɗauka, yana bisa wani soro, mu kuma muka sace masa makara. Mutane suka fara hayaniya. Ya ce mini, "Baffa, zan zo gida in yi maka bayani." Ya faɗa adaidaita sahu. Bai zo ba.

Tun daga ranar ban huta ba. Isa mai shayi in ya gan ni sai ya ce filonsa ya tsufa, ko zan zo in yi masa shaidar kirki. Na daure. Amma ran nan ya miƙo mini wayarsa, ba ya dariya. Sanarwa ce, ɗalibai za su nuna finafinansu ga jama'a ranar Asabar. A hoton ga makara, ga jar hulata a ƙarƙashinta, ga bakina a buɗe. Na ce wallahi ba za a haska ni a bango ina yi wa filo shaida ba, ko da ƙafa zan je.

Unguwa Uku zuwa Kwanar Dangora

A tashar Unguwa Uku na yi sallar asuba. Ƙaramar bas ce, aka ba ni gaba saboda furfura. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, kuma direban ya ce shi takarda yake so a hannu, ba ya karɓar na waya, don jami'an hanya ba su da lambar asusu. Rana na fitowa muka tashi.

Muka wuce Kura, gonakin shinkafa dama da hagu. A Kwanar Dangora muka karya hagu muka bar titin Zariya. Nan direban ya tambaye ni ko ta'aziyya zan je, don ya ga fuskata. Na ce fim zan je in hana. Ya ce in dai fim ne shi gwani ne, ya shiga lissafa mini waɗanda ya kamata in gani, duk na faɗa da mota tana kifewa. Ya ce fim ɗin da ba a mari kowa ba ɓata caji ne.

Dajin Falgore

Bayan Tudun Wada hira ta mutu. Muka shiga daji, bishiyoyi suka rufe hanya, kowa ya kama tasbihi. Shingen sojoji ya tsayar da mu, wani ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce Jos, wajen ɗana. Ya ɗaga hannu muka wuce. Sai da muka yi nisa na lura da abin da bakina ya kira Habibu, alhali da fushinsa na fito.

Saminaka

Muka tsaya cin abinci wajen azahar. Tuwon masara ne da miyar kuka, masarar garin tana da daɗi, naman kuwa sai da na yi ta fama. A kan benci na ba direban labarin makarar. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce shi ma da yana wurin da ya faka mota ya sa kafaɗa. Ya ce amma yaron bai kyauta ba, mutuwa ba abin wasa ba ce. Na ce abin da zan je in faɗa masa ke nan.

Jos

Muka bi ta Jengre, hanya tana hawa, duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera. Da la'asar muka shiga gari. Na sauka gidan Alhaji Tanko, mutumin Ƙofar Ruwa da ke sayar da kwanuka a can. Aka kawo gwaten acca, wato faten mutanen garin, da zafinsa. Sanyin garin ya sa na yi wa uwargidana addu'a saboda bargo, ruwan alwala kuwa sai da aka ɗumama mini.

Da safe Alhaji Tanko ya kai ni makarantar. Tun daga ƙofa na fara salati. Ga wani yaro jini ya wanke masa riga, yana zaune yana cin shinkafa. Na nufe shi da sauri, sai ya ce zoɓo ne da garin rogo, Baba. Ga wata yarinya da hijabi tana riƙe da kyamara tana ba ƙattai umarni, suna bi ba musu. Fitilarsu ta gwangwani ce da takardar sigari, abin ɗaukar murya kuma an ɗaure shi a sandar tsintsiya. Ba wanda ya ba su sisi, da kuɗin abincinsu suke yi.

Habibu ya gan ni kafin in gan shi. Ya zo ya durƙusa, bai iya ɗaga kai ba. Na ce ban zo gaisuwa ba, na zo ne a cire ni, in ba a iya cire ni a cire fim ɗin. Ya ce in ya cire, sai ya maimaita shekara, amma zai cire. Abu ɗaya ya roƙa, in gani da idona tukuna.

Ya kai ni wani ɗan ɗaki inda suke yanka hotuna suna haɗawa, ya buɗe kwamfuta.

Fim ɗin ya fara da wani saurayi a bakin shingen hanya, an rufe iyakar jiha, waya tana ta ƙara a hannunsa. Nan take na gane. Shekarar kullen korona ce, shekarar da Alhaji Buba ya rasu Habibu yana Jos, ba hanyar zuwa. Sai hoto ya koma lungunmu. Makara ta fito, mutum huɗu, titi fayau. Sai ga tela. Sai ga Isa. Sai ga ni ina gyara takalmi. Daga saman soron titin ya cika kamar an buɗe ruwa, makarar tana tafiya bisa kafaɗu, wannan ya fita wancan ya shiga. Na ji muryata tana faɗin maganar nan. Ban ji abin dariya a cikinta ba.

Na tambaye shi me ya sa mutum huɗu.

Ya ce, "Haka na rubuta, Baffa, don haka nake zaton aka kai shi. Lokacin an hana taro. Ban taɓa tambayar kowa ba, ina tsoron amsar."

Wannan ya fi filon girgiza ni. Shekara da shekaru yaron nan yana zuwa hutu, yana gaishe ni a zaure, yana ɗauke da wannan a ransa: wai mahaifinsa, wanda rabin Gwammaja ta ci naman layyarsa, an kai shi kamar baƙon da ba a san garinsu ba. Mu mun ɗauka ya sani. Shi ya ɗauka muna ɓoye masa.

Na faɗa masa yadda aka yi. Mun fito mu kaɗan ne da gaske, don an ce kada a taru. Amma ba mu kai bakin titi ba ƙofofi suka fara buɗewa. Mutane suka fito da ƙyalle a hanci, mahauta, 'yan kasuwar shanu ta kara, har da waɗanda suka yi rigima da shi a ciniki. Jami'in da aka sa ya kori taro ma ya rataya sandarsa ya sa kafaɗa. Na ce abin da kyamararsa ta ɗauka bai kai rabin na ranar ba.

"Maganar nan da ake yi mini dariya da ita," na ce, "sau biyu na taɓa faɗinta a rayuwata. Ta farko a ƙarƙashin makarar mahaifinka."

Ya kifa kansa a kan teburin. Na bar shi har ya gama.

Sannan na ce a nuna, da hulata da bakina. Amma da sharaɗi. Ƙaryar makara laifi ce ko da niyyar kirki, kuma a gaban jama'a ya yi ta, don haka zai bi ni Kano ya ba da haƙuri a gaban jama'a. Ya ce ya yarda.

Da yamma aka nuna finafinan a babban ɗaki. Tunda direba ya ba ni nasa zaɓin, ga nawa. Wanda ya samu dama ya nemi na yarinyar nan mai hijabi, a kan wata tsohuwa da ke fasa dutse tana ciyar da jikoki, ba kiɗa, sai ƙarar guduma. Akwai na wani yaro da ya bi makiyayi yana neman saniyarsa da ta ɓata, shi ma ya yi kyau, sai dai ya yi tsawo. Na mai zoɓon nan kuwa kada kowa ya ɓata lokacinsa, mutum bakwai aka kashe ban san laifin ko ɗaya ba. Da aka zo na Habibu, inda na yi magana, na sunkuyar da kai ina jiran dariya. Wani dattijo a bayana ya ce amin.

Komawa

Washegari bayan asuba muka kamo hanya mu biyu. A Saminaka shi ya saya mini tuwo. Muka ratsa Falgore lafiya, muka shigo Kano ana kiran la'asar.

Bayan sallah ya miƙe a ƙofar masallacin unguwa ya ba da haƙuri, ya ambaci tela da masu faci da masu haƙar kabari. Aka ce an yafe. Isa ya ce shi ya yafe, amma shayinsa da ya ƙone ranar yana nan a rubuce.

Daga nan na kama hannunsa muka nufi Ƙofar Mazugal in nuna masa inda mahaifinsa yake. Ba mu kai ba sai ga jana'iza ta fito daga wani lungu. Isa, da ya biyo mu, ya raɗa mini cewa ko a fara leƙawa. Ban kula shi ba. Na shiga na sa kafaɗa, na ji nauyin ɗan Adam. Na yi 'yan taku, sannan na waiwaya na yafito Habibu. Na zame, ya shiga gurbina. Bai fita ba har bakin kabari, kuma ba wanda ya nemi ya karɓe shi.

Da aka watse na kai shi gindin wata bishiyar darbejiya ta gabas, na ce ga shi nan. Muka yi addu'a. A hanyar gida ya ce, "Baffa, na zo yi maka bayanin, ko da na makara." Na ce ni ma na yi masa nawa, ba mai bin wani.

Na shiga gida ana kiran magariba, na mayar wa uwargidana bargonta. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Allah Ya saka wa Alhaji Tanko da alheri, shi da direban da ban tambayi sunansa ba. Allah Ya jiƙan Alhaji Buba, da bawan Allah da muka raka ranar, wanda har yau ban san ko wane ne ba.