Muryar da Nicanor Ya Ce Tasa Ce

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, Allah ya ɗauki ran Nicanor Portillo a gidansa da ke garin Santa Ana, bayan doguwar jinyar ƙirji. Ni ce Amparo Lemus, mai siririyar murya a ƙungiyar waƙarmu ta Tres Lloviznas, wato Yayyafi Uku. In ba ka taɓa jin sunan ba, ba laifinka ba ne. Ba mu daɗe ba, faifai ɗaya tak muka yi, shi ma yawancinsa ƙura ta cinye a shago.

Nicanor, na yi maka alkawarin rufe baki, na kuma karya. Dalili shi ne 'yarka Griselda. Ranar da aka binne ka ta ce da ni, "Inna Amparo, ku daina yabonsa. Mutumin da ya je mashaya aka fasa masa maƙogwaro a kan rigimar banza, me ya bar mana?" Ba zan bari ta tsufa da wannan a zuciyarta ba.

Ba zan mai da kai waliyyi ba, don kai ma da ka ji sai ka yi tsaki. Ɗan mahauci ne kai, hannunka ya riga bakinka magana, Bijimi ake kiranka a unguwa. Amma da ka tsaya gaban makirfo, sai wata murya mai kauri da taushi ta fito, wadda ni da yayana Ovidio muke jingina namu a kanta. Kiɗan Turawa da ake kira rok muke yi, mai sanyi, jita biyu da ganga a hankali, a garin da kowa ke son kiɗan da zai sa shi gumi. A wani bikin girbin kofi aka jefe mu da kwalba, ta tsaga mini goshi. Ka ajiye jita, ka sauka, ka karya kujera a bayan mutumin da ya jefo ta, ka zubar masa da haƙora biyu. Ka dawo leɓenka na jini ka ce mu ɗora daga inda muka tsaya. Muka ɗora, ba wanda ya ƙara ko tari.

Kai ne kuma kake goya lasifika tun daga tasha don kada Ovidio mai ciwon asma ya ɗauka, kana tafe kana zaginsa da ɗan boko mai ƙashin kaza. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta, kullum sai ka shigo da ƙashin miya a takarda, ka ce wai ragowa ce za a zubar.

Makirfo ɗaya gare mu, don haka kawunanmu a haɗe muke rerawa a bayan rumfar babanka, har muryoyin suka narke cikin juna. A faifai, mahaifiyarmu ma ba ta iya ware muryar ɗanta daga taka. Kwalin faifan kuma babu suna ko ɗaya.

Akwai baitin da Ovidio ya rubuta ya kuma rera shi kaɗai: "Na gyara maka shimfiɗa ba ka dawo ba, wa zan tambaya?" Da mahaifinmu yake, wanda ya bi wata mace ya bar gida. To amma a 1980 yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarmu, mutane na ɓacewa, iyaye mata na yawo da hotunan 'ya'yansu, sai suka ɗauki baitin suna rerawa a bakin coci. Abin ya tsone wa hukuma ido.

Wata la'asar muna gwaji, mota marar lamba ta tsaya. Mutane suka shigo da bindigogi, ba kaki a jikinsu. Babbansu ya ɗaga faifanmu ya ce, "Wane ne mai tambayar nan a cikinku? Mun kawo masa amsa."

Na ga Ovidio ya buɗe baki. Ka take masa ƙafa har na ji ƙarar yatsa.

"Yallaɓai, dubi wannan da kyau," ka ce. "Numfashi ma da kyar yake yi. Ni na rubuta, ni na rera. Ko in rera maka yanzu?"

Ka kuwa rera, da muryar Ovidio sak, don ka san ta kamar taka. Ba ka kai ƙarshe ba ya sa maka gindin bindiga a wuya. Ka faɗi, suka bi ka da takalma, suka taka yatsunka ɗaya bayan ɗaya a kan siminti. Wani ya riƙe gashina don in kalla. Suka ja ka ta ƙafa, kanka na bugun dokin ƙofa. Washegari masu tsinkar kofi suka tsince ka a kwalbati, sun ɗauka gawa ce.

Ka rayu, amma muryar ta tafi, sai wani gurnani da yara ke gudu in sun ji. Da shi ka rantsar da mu cewa faɗan mashaya ne, don in gaskiya ta fita za su dawo wa Ovidio. Da yaƙi ya ƙare na ce lokaci ya yi, ka ce ba ka son godiyar kowa. Ka koma fawa da karkatattun yatsu. Ka sha giya, ka yi wa iyalinka tsawa, ka fasa rediyon gidan ranar da aka sa faifanmu. Na ji haushinka sau ba adadi, ban kuma daina jin kunyarka ba.

A addu'ar kwana tara na zaunar da Griselda na faɗa mata duka, Ovidio na gefe da jikokinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta je gabansa ta shara masa mari, tabaransa ya faɗi ƙasa.

"Kawu, ka ci abinci a gidanmu, ka ji ina zaginsa, ka yi shiru?"

Ovidio bai kare fuskarsa ba. Ya ce, "Ƙara, 'yata. Tun kafin a haife ki nake jiran wanda zai yi mini wannan."

Ba ta ƙara ba. Ta durƙusa ta ɗauko tabaran ta sa masa da hannunta, sannan ta tambayi wurin da masu tsinkar kofi suka tsince ka. Jiya muka kai ta. Ta daɗe a tsaye a bakin kwalbatin, ta ce, "Baba, ban sani ba."

Allah ya jiƙanka, Nicanor. Ya yafe maka zafin hannu da na zuciya, ya saka maka da abin da ka yi wa yayana, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Doña Fidelina, wadda ta yi haƙurin da ba kowa zai iya ba, da ɗanka Remberto, da Griselda. Ubangiji ya sanyaya zukatanku, ya ba ku ƙarfin ɗaukar rashinsa, yanzu da kuka san ko wa kuka rasa. Amin.