Na Ɗauka Rufewar Salla Ce

Ni tsohuwa ce a unguwar Zahir, nan Makka. Ina yarinya iyayena suka zo da ni ta hanyar Sudan, nan na yi aure, nan na haihu. Ban iya karatu ba sai surorin salla. 'Yata ta fari ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye, sai ku yi haƙuri in zancen ya karkace.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Bayan aikinsa da ibadarsa, ba abin da yake so kamar dara. Tun da babu yashin da za a tona gurabe a gidan bene, sai ya sassaƙa allo mai gurbi talatin, yana bugawa da ƙwallon dabino da tsinke. Wani kamfani mai sayar da allunan keram da sauran wasannin tebur ya buɗe wa masu sayen kayansa wurin hira a intanet, wanda a nan ake ce wa muntada. Malam ya roƙa aka ba dara ɗaki a ciki. Da yake yatsunsa sun yi kanta, rubutu a waya na ba shi wuya, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa yana sakawa. Yana bayanin yadda ake jera uku a ci, yana haɗawa da labarin mahaifinsa, yadda suke buga dara a zango lokacin da suke tahowa da ƙafa. Shekaru ya yi a haka.

Ni kuwa raini nake yi wa abin. In ya kira ni in zo in ji, sai in ce shinkafa na kan wuta. Ranar da ya shigo da murna wai a can suna kiransa shehun dara, na ce masa shehun marasa aikin yi dai, da furfura a gemu. Ya yi dariya ya ce ai da dara ya ciwo ni a hannun babana, ni ce babban cinsa. Na ce Allah ya shirye shi.

Sannu a hankali mutane suka watse daga wurin, kowa ya koma ƙananan ƙungiyoyin waya, inda magana ke wucewa kamar ruwan kwata. Malam yakan ce muntada ta zama Arfa washegarin tsayuwa, tantuna na nan, ba kowa ciki. Masu kula da ita ma sun daina leƙowa. Duk da haka bai daina sakawa ba, har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Ina cikin takaba saƙo ya shigo wayarsa. 'Yata ta karanta da Larabci, ta juya mini da Hausarta ta 'yan Makka, ta ce za a rufe muntada, kowa ya kwashe kayansa. Na ce wane kaya, ko takalmi ya bari a can? Su rufe mana. Ni duk rayuwata abin da na sani ke nan: in an kira salla mai kanti ya ja ƙofa, in an sallame ya buɗe, kayansa na nan yadda ya bar su. Ta ce, Ummi, ba irin wannan rufewar ba ce. Na daka mata tsawa na ce ubanta ko wata biyu bai yi a ƙasa ba, kada ta ƙara kawo mini zancen wasa a ɗakin takaba. Ta bar zancen, domin haka na yi mata tarbiyya. Na karɓi wayar na kulle a akwati.

Bayan na fita takaba, wata rana da la'asar ina tsince shinkafa, na so in tuna yadda yake kirana daga ƙofa, sai na kasa. Fuskarsa na gani sarai, amma muryar ta ƙi zuwa. Hankalina ya tashi. Na ciro wayar na ce wa 'yata ta buɗe mini wurin nan, yau zan saurara. Ta daɗe tana dannawa, sannan ta juyo mini da fuskar wayar, fari fat, sai layi ɗaya na rubutu, wai an rufe wurin. Ashe kai tsaye Malam yake ɗaukar muryar a can, wayar ba ta riƙe komai ba. Surukina ya rubuta wa kamfanin, suka amsa da ladabi cewa sun yi sanarwa a kan lokaci, kuma an goge komai. Ban ga laifinsu ba. An faɗa mini, ni na toshe kunne.

A ranar ne 'yata ta gaya mini abin da ta gani a can tun kafin a rufe, na hana ta faɗa. Ƙarƙashin muryar Malam ta ƙarshe akwai wani mutum da suke buga dara daga nesa, kowa ya motsa ɗa guda a rana. Ya yi ta rubutawa cewa, Malam, kai ake jira, lafiya kuwa? Ba mu san sunansa ba sai laƙabi, ba mu san garinsa ba.

Na gaji da kuka, amma bai ƙare ba. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ajiye a ɗakin wani, ranar da mai ɗaki ya tashi ba zai jira ka gama makoki ba. 'Yan'uwana mata, in mazanku na da wani abin da suke so, ko kun ga shirme ne, ku sauke tukunya ku saurara. In yaranku suka karanta muku saƙo, ku bari su kai aya. Abin da ke can, a kwafe shi yau.

Kai kuma bawan Allah, abokin darar Malam, in wannan ya iso gare ka: ba gudu ya yi ba, rasuwa ya yi, ka sa shi a addu'a. In kuwa ka taɓa adana muryarsa, ko da ta gaisuwa ce, ka aiko wa mujallar nan. A wannan karon zan zauna in ji har ƙarshe.