Lasifika da Naman Layyar Kawu

A shekarun da aka fara kashe naira, duk Babbar Sallah akwai wani mutumin Kano da yake zuwa Maigatari da injin silima a bayan a-kori-kura. Sai ya kama wani fili kusa da kara, wato kasuwar shanu, ya zagaye shi da zana, ya ɗaura farin ƙyalle a jikin itace biyu. Fim ɗaya gare shi, na Indiya, ya sha jiki har hoton yana rawa, amma shi muke so. An ce daga wani tsohon labarin ƙasarsu aka ɗauko shi: ɗan fashi ne ya addabi matafiya, ya zo ya tuba, ya koma ƙauyensu yana noma.

Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, sai dai akwai rubutun Turanci a ƙasan hoton. Ni kuwa malamin firamare ne a lokacin, ga ƙuruciya ga baki, don haka ni ake miƙa wa lasifika in riƙa juya maganar zuwa Hausa. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Inda rubutun ya gaza sai in ƙara gishiri. Ni na san inda zan sassauta murya dillalan shanu, manyan ƙarti, su fara share ido da bakin riga.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata. Da ƙuruciyarsa ya kore shanun wani ya tsallaka da su ƙasar Damagaram, aka kama shi, ya yi shekara huɗu a gidan yari. Ya yi, ba ƙazafi aka yi masa ba, shi da kansa bai taɓa musawa ba. Da ya fito bai gudu birni ba. Ya dawo gidan gado, ya kama dako a kasuwar hatsi, da damina ya yi noma. Shekara tara yana haka, sahun farko ba ya wuce shi. Amma in ya shigo zaure, sai ka ga kowa ya lalubi aljihunsa.

A shekarar da nake ba da labari ne ya samu halin layya karo na farko. Ragon kuwa ba sayensa ya yi ba, tunkiyarsa ce ta haifa, duk unguwa sun ga tasowarsa. Ya yanka ranar Sallah, kashegari ya zauna ya kasa naman da hannunsa, yana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi. Aka kai. Kafin la'asar kwanuka suka fara dawowa da namansu a ciki. Wani gidan aka ce nama ya yi musu yawa. Wani gidan ko kara ba a yi ba, aka ce ba sa cin abin da ba su san asalinsa ba. Kawu ya jera kwanukan a inuwa, ya rufe su da faifai saboda ƙuda, ya shige ɗaki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wannan ɓacin ran na tafi filin silima bayan sallar isha'i.

Na yi aikina lafiya lau har kusan ƙarshe. Akwai wurin da tubabben ɗan fashin yake dafa abinci ya fito da shi, mutanen ƙauye su yi cirko-cirko, sannan ɗaya bayan ɗaya su zauna su ci. A nan ake tafi duk shekara. Na duba gabana, hasken ƙyallen ya haska fuskoki. Ga mai gidan da nama ya yi wa yawa. Ga na kusa da shi, wanda ba ya cin abin da bai san asalinsa ba, yana gyaɗa kai yana cewa, "Allah sarki, bawan Allah."

Sai na bar rubutun Turanci ya wuce abinsa. Na ce, "Jama'a, wannan ya ci sa'a a Indiya yake. Da a Maigatari ne, da tuni an mayar masa da kwanonsa."

Na ƙara da cewa, "Kuna yi wa ɓarawon ƙyalle kuka, na unguwarku shekara tara yana sallah a gefenku kun kasa cin tsoka ɗaya ta ragonsa."

Mutumin Kano ya fizge lasifikar yana cewa, "Malam, ka kashe mini kasuwa!" Wasu suka tashi suna zagi, wani ya ce dama jini ɗaya ne. Na ce masa ƙwarai kuwa, jini ɗaya ne, ya rubuta ya ajiye. Na sa takalmina na fita, fim ya ƙare babu mai fassara.

Da safe na je gaida kawu ina tsammanin godiya. Ya dube ni ya ce, "Wa ya aike ka? Ni na ce maka ina roƙo?" Na ce, "Kawu, ko yau aka ba ni lasifikar sai na maimaita." Ya ce, "Taurin kan uwarka ka ɗauko." Daga nan bai ƙara kula ni ba, ya ci gaba da juya naman da aka soya don kada ya lalace.

Muna nan zaune hantsi ya ɗaga, sai muka ji sallama. Wani dattijon Bafulatani ne, da sanda da malafa, ƙafarsa duk ƙura. Ban san shi ba, amma na ga kawu ya miƙe tsaye, ludayin ya faɗi daga hannunsa. Ashe mai shanun ne. Ya shigo gari yawon Sallah daga rugarsu ta wajen Sule Tankarkar, ya ji zancen a bakin masu shayi.

Ya jingine sandarsa, ya zauna a tabarma ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce, "Na ji an ce mutanen gari suna fushi. Shanun wa aka kora, nasu ko nawa?"

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Naka ne, Baffa."

Ya ce, "To, kawo naman."

Kawu ya ɗauko kwano ya ajiye a gabansa. Dattijon ya yi bismilla ya ɗauki tsoka. Haƙoransa sun ƙare, sai da ya daɗe yana fama da ita. Ya ce a matsar da tabarmar bakin ƙofa, zauren ya yi masa duhu. Muka matsar. A nan ya zauna yana taunawa a hankali, duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga masa hannu ya yi masa barka da Sallah.