Neman Zanen Ƙotar Bindigar Kakana

Talata: Gwandu zuwa Kalgo

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida, bayan sallar asuba, da buhu a hammata. A cikin buhun akwai ƙotar bindigar tokar kakana, Maharbi Jatau, wadda gara ta cinye a rumbu har saura kamar rabi. Ƙarfen bindigar da takardar izininta na bar su a gida. Babana ya haura tamanin, idonsa ya tafi, kuma tun da aka gano ɓarnar ya daina zancen komai sai ita. Wata guda kafin nan na aika wa wani masassaƙi a Kalgo, Malam Buhari, awon tsohuwar, ya sassaƙa sabuwa da icen maɗaci. Ado kawai ya rage, shi ne dalilin tafiyata.

Motar ba ta cika ba sai shida da rabi. Kafin Ambursa muka tarar da shingen jami'an tsaro, ɗayansu ya ce in kwance buhu. Ya juya guntun icen a hannunsa, garin gara na zubo masa a takalmi, ya tambaye ni ko da wannan zan yi harbi. Na yi masa bayani, ya yi dariya, ya ce a gaida tsoho. Takwas saura muka shiga Birnin Kebbi. Na karya da koko da ƙosai a tasha, na hau wata motar, cikin minti ashirin da biyar ina Kalgo.

Malam Buhari na zaune ƙarƙashin rumfa, tsakanin turame da ƙotocin fartanya. Sabuwar ƙotar ta yi kyau, sumul. Na ciro waya na nuna masa abin da nake so: furanni masu lanƙwasa, irin na wata bindigar Turawa da na gani, da dagi a tsakiya. Ya daɗe yana kallo.

"Ina iya yi maka wanga," in ji shi, "amma kakanka bai san shi ba. Tsoho kuwa da hannu za shi duba."

Kunya ta kama ni, don ban taɓa tunanin haka ba. Muka duba tsohuwar tare. Akwai alamar wasu layuka a gefe ɗaya, amma shi ma bai gane su ba. Ya ce mutum ɗaya ya sani da zai iya, wata tsohuwa mai zanen ƙwarya a Diggi, Inna Hajo, wadda mahaifinta ne ke yi wa maharban yankin ƙota a da. Ya hana ni neman masauki. A zaurensa na kwana, bayan tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi.

Laraba: Diggi

Ƙarfe bakwai muka hau kabu-kabu biyu, shi da sabuwar ƙota da jakar kayan aikinsa, ni da tsohuwar. Hanyar akwai yashi, sau biyu muna sauka muna turawa. Mai babur ɗina ya ce da damina ce da sai mun tuɓe takalma. Tara da 'yan mintoci muka isa.

Inna Hajo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, yatsunta duk tabon wuta. Bayan gaisuwa da ruwan fura ta karɓi guntun, ta goge shi da tsumma, ta shafa man gyaɗa, sannan ta barbaɗa toka ta hure. Tokar ta zauna cikin ramukan, sai ga zane ya fito fili: dogon layi da ƙananan layuka na fita daga gefensa biyu. Ta ce sunansa ƙayar kifi, kuma na mutanen fadama ne. Maharban tudu irin namu na Gwandu sawun barewa ake yi musu. Furanni kuwa, ta ce, ba ta taɓa ganinsu jikin bindiga ba, kuma babanta ba ya cika ƙota da ado, don mai shiga daji ba ya son abin da zai riƙe masa laka.

Ta juya ƙasan icen, ta tsaya. Akwai tsaga uku ƙanana a jere kusa da gindi.

"Wagga hannun babana ta," ta ce. "Ina kunka same ta?"

Na gaya mata sunan kakana da garinmu. Sai ta ba mu labari. Tana yarinya, gadu ya addabi gonakin shinkafarsu shekara biyu a jere, har mutane suka fara zancen tashi. Sai wani baƙon maharbi daga gabas ya sauka gidansu, ya yi damina guda yana tsaron gonakin. Da aka yi girbi aka tara masa shinkafa, ya ƙi karɓa, ya ce masu ita sun fi shi bukata. Ƙotar bindigarsa ta tsage a wannan aikin, shi ne babanta ya sassaƙa masa wata, ya sa mata zanen mutanen gari, don duk inda ya shiga a fadama a san nasu ne.

Na tambaye ta ko ta tuna sunansa. Ta ce ba za ta rantse ba, su dai Baƙo suke ce masa, amma babanta bai taɓa yi wa wani mutumin tudu ƙayar kifi ba sai shi.

Da gawayi ta zana a kan sabuwar, Malam Buhari ya bi da wuƙarsa, ita kuma ta bi bayansa da jan ƙarfe daga wuta tana ƙona layukan. Sau ɗaya ta buge masa hannu, ta ce ya zurfafa da yawa. Tsaga ukun ta ce kada a sa su, tunda alamar babanta ce, shi kuwa ya rasu. Aka gama kafin la'asar. Na miƙa mata abin goro, ta tura mini hannuna. Da ƙyar ta karɓi turmin atamfar da na saya wa matata a Kalgo. Kafin magariba muna zauren Malam Buhari.

Alhamis: komawa gida

Na bar Kalgo ƙarfe takwas, na iso Gwandu ana kiran azahar, saboda motar ta daɗe tana jiran fasinja a Birnin Kebbi. Baba na kan tabarmarsa a inuwar zaure. Na ɗora masa ƙotar a cinya. Ya bi layin da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa.

"Ita ta," ya ce. "Wa ya san wanga zane har yanzu?"

Na kwashe labarin Inna Hajo na gaya masa. Ya ce lalle yana ƙarami babansa ya taɓa ɓacewa damina guda, ya dawo ba hatsi ba kuɗi, sai bindiga mai sabuwar ƙota, kuma mahaifiyarsa ta yi wata ba ta yi masa magana ba. Har ya rasu bai faɗi inda ya je ba. Baba ya share ido da gefen rawani, ya tambaye ni awa nawa ne zuwa Diggi, kuma ko mota na shiga. Shekara huɗu ke nan rabonsa da wuce masallacin unguwa. Na ce tana shiga da rani. Ya ce to in nemo mana mota ranar Asabar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam Buhari da iyalinsa, da Inna Hajo, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.