Jan leshi da gidan takaba

"Hajiya, saƙonki na Dayi ban faɗe shi yadda kika ce ba."

Malam Sule direba ke nan, a ƙofar shagona na atamfa a Funtuwa, can cikin shekarun tamanin. Lokacin in sabon kaya ya sauka, kowace mai saye da irin saƙon da nake aika mata. Rabi, matar wani manomin auduga a garin Dayi, mai son ja ce. Na ce wa Malam Sule ya gaya mata jan leshi ya iso, ta zo ta yi wa maigida kwalliyar Sallah.

"To me ka ce mata?"

"Na tarar mijin ya rasu, tana takaba. Sai na ce kin aiko ni gaisuwa, kina nan tafe."

Na zauna kan dilar kaya ina ta hamdala. Washegari na je da kaina.

Yau wayata ta turo mini tallan takalman maza, wai an zaɓo mini. Alhajina nake saya wa, bara ya rasu.

Wayar ta san cinikina, amma ba ta da Malam Sule. Ku ma haka taku take yi?